Hatsarin Hatfield: Tsagar da Ta Ɓoye wa Na'urar Sauti

Ranar Talata, 17 ga Oktoba 2000, da ƙarfe 12:10 na rana, jirgin ƙasa na kamfanin GNER ya tashi daga tashar King's Cross da ke Landan ya nufi Leeds. Minti 13 da tashinsa, yana gudun kilomita 185 a awa, ya shiga wata doguwar kwana a kudu da garin Hatfield, wurin da bai kai kilomita 30 daga Landan ba. Nan ƙarfen dogo na hagu ya farfashe a ƙarƙashinsa. Kan jirgin da taragu biyu na gaba sun wuce lafiya, sauran duk suka sauka daga layi. Taragon cin abinci ya kife ya daki ƙarfen da ke riƙe da wayoyin lantarki na sama. Mutum huɗu suka rasu, dukansu a cikin wannan tarago, sama da 70 suka ji rauni.

Da masu bincike suka iso, abin da suka tarar ya ɗaure musu kai. Karyewar dogo ba baƙon abu ba ne a Birtaniya ta wancan lokaci, domin a ƙarshen shekarun 1990 ana samun sama da 900 a shekara, kuma galibi jirgi yakan bi ta kan karaya ɗaya ya wuce ba tare da ya kauce ba. A Hatfield kuwa dogo mai tsawon kimanin mita 35 ne ya tarwatse ya zama gutsure fiye da 300. Aka tsince su ɗaya bayan ɗaya, aka kai ɗakin gwaji aka jera su yadda suke a da. Fuskar karayar ta nuna komai. Wani ɓangare yana ƙyalli, alamar sabuwar karaya ta wannan rana, wani ɓangare kuwa ya yi duhu da tsatsa, alamar tsagar da ta daɗe tana cin ƙarfen a hankali, ruwa da iska suna shiga.

Yadda ƙarfe ke gajiya

Injiniyoyi sun san gajiyar ƙarfe tun ƙarni na 19, kuma harkar jirgin ƙasa na cikin wuraren da suka fara saninta. Bayan hatsarin da ya auku kusa da Versailles a Faransa a 1842, wanda karyewar sandar ƙafafun kan jirgi ta haddasa, da kuma gwaje-gwajen August Wöhler a Jamus, an gane cewa nauyin da ba zai iya karya ƙarfe a karo ɗaya ba yana iya karya shi idan ya yi ta dawowa sau miliyoyi.

Irin gajiyar da ta kama dogon Hatfield tana da nata salo. Kan jirgin da ya ja taragun ya haura tan 80, kuma a kan ƙafafu takwas yake tsaye, wato kowace ƙafa tana ɗauke da kimanin tan 10. Wurin da ƙafar ke taɓa dogo kuwa bai wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba ta kowane gefe. A kan kwana abin ya fi tsanani, saboda jirgi yana jingina kan dogon waje, ƙafarsa tana murzar kusurwar ciki ta kan dogon tana ɗan zamewa. Kowane wucewa yana tura fatar ƙarfen gaba da ɗan abin da ido ba zai gani ba, har ta kai inda ba za ta ƙara miƙewa ba, sai ta tsage. Tsagun sukan fito da yawa, kusa da juna, kuma ba sa nutsawa tsaye. A kwance suke shiga, su ɗan karkata ƙasa kaɗan, suna bin ƙarƙashin fatar. Idan ruwan sama ya shiga ciki, ƙafar jirgi takan danne bakin tsagar ta matse ruwan, shi kuma ya rage gogayyar ɓangarorin biyu ya taimaka mata ta ci gaba.

Bayan ta yi zurfin 'yan milimita, tsagar takan ɗauki ɗaya daga hanya biyu. Ko ta juyo sama, ɓallin ƙarfe ya fita, fuskar dogo ta yi kaca-kaca amma jikinsa ya tsira. Ko ta juya ƙasa ta ratsa kan dogon, ta gangara har ya karye. Daga waje duka biyun kamanninsu ɗaya, kuma tsawon tsaga a fuska ba ya faɗa wa mutum tabbatacciyar magana kan zurfinta. A Hatfield tsagu da yawa da ke maƙwabtaka da juna sun riga sun juya ƙasa. Da ta farko ta karye, dukan ƙafafun da suka biyo baya ya karya ta biyu, ta uku, haka har dogon ya ƙare.

Akwai wani abu a nan da ke ba ni mamaki kullum. Dogon wannan kwana na ƙarfe ne mai tauri da aka gasa musamman domin kada ya yi saurin cinyewa, kuma taurin nan yana cikin abin da ya ba tsagun dama. Dogo mai taushi yakan goge da wuri, gogewar kuma takan share ƙananan tsagu tun suna jarirai. Mai tauri ba ya cinyewa, sai su zauna su girma. Wanda ya sayi dogo mai tauri dole ya riƙa kawo injin gurza lokaci-lokaci yana cire siririyar fata daga samansa. An gurza dogon Hatfield a watan Satumba 2000, amma a lokacin tsagun sun yi zurfin da gurza ba za ta kai gare su ba.

Abin da na'urar sauti ke ji

Mai sayen tukunyar ƙasa yakan ƙwanƙwasa ta da yatsa ya saurara, domin mai tsaga ba ta ƙara irin ta lafiyayya. Gwajin ƙarfe da sauti daga wannan tunani ya taso, sai dai sautin da ake amfani da shi ya wuce jin kunne nesa ba kusa ba. Kunnen mutum yana tsayawa a wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, na'urar gwajin dogo kuwa tana aiki da miliyan 2 zuwa 4. Dangin na'urar da ake duba cikin mai juna biyu da ita a asibiti ce. Sergei Sokolov a Tarayyar Sobiyet ya kawo shawarar duba ƙarfe da irin wannan sauti a ƙarshen shekarun 1920, Floyd Firestone a Amurka kuma ya ƙera na'urar da ke aika sauti ta saurari amsa-kuwwarsa a farkon shekarun 1940.

Aikinta mai sauƙin fahimta ne. Bakin na'urar yana ɗauke da wani ɗan faranti da ke kaɗawa idan an ba shi lantarki. A ɗora shi kan dogo, a zuba ruwa tsakani, saboda sautin ba ya iya tsallake ko siririyar iska ya shiga ƙarfe. Sautin yana gudun kimanin mita 5,900 a daƙiƙa a cikin ƙarfe. Tsayin dogo irin na Birtaniya kusan santimita 16 ne, don haka idan an aika sauti tsaye daga sama, zai daki gindin dogo ya dawo cikin kashi 54 cikin miliyan na daƙiƙa. Mai gwaji yana ganin wannan amsa a allonsa a wuri ɗaya kullum. Idan wata amsa ta riga ta dawowa, to akwai abin da ya tare hanya. Saboda tsagar da ke tsaye ba ta mayar da sautin da ya zo mata ta sama, ana ƙara wasu bakunan da ke aika sauti a karkace, ɗaya a wajen digiri 37 domin ramukan ƙusoshi, ɗaya a digiri 70 domin tsagun da ke ratsa kan dogo. A lokacin hatsarin, yawancin gwajin ma'aikata ne ke yi da ƙafa, suna tura na'urar a kan dogo.

An tsara waɗannan hanyoyi ne domin cututtukan dogo na da: tsagar da ke farawa daga wani aibi a tsakiyar ƙarfe, da wadda ke fitowa daga ramin ƙusa. A kan waɗannan suna aiki sosai. Tsagar kusurwa ta zo musu ta inda ba su shirya ba. Da farko, tana gefe ne, bakin na'ura kuwa yana bin tsakiyar kan dogo. Na biyu, inda fuskar ta ɓalle ta yi kaushi, bakin ba ya zama daidai, ruwan ba ya haɗa su, sautin ba ya shiga. Na uku shi ne mafi muni. Ɓangaren tsagar da ke kwance a ƙarƙashin fata yana zama rufi. Sautin da aka aika ya dake shi ya watse tun a milimita na farko, reshen da ya juya ƙasa, wanda shi ne mai karya dogo, yana zaune a inuwarsa ba abin da ya taɓa shi. Iya yawan lalacewar dogo, iya raguwar abin da na'urar ke iya gani a cikinsa.

A irin wannan hali allon mai gwaji ba ya nuna amsar tsaga. Abin da yake nunawa shi ne ɓacewar amsar gindin dogo, waccan da ya kamata ta dawo kullum. Haka ya faru a kwanar Hatfield a watannin da suka gabaci hatsarin: gwajin sauti ya rasa amsar gindi a wurare, kuma masu gwajin sun rubuta abin da suka gani. A ganina nan ne zuciyar wannan lamari. Tsarin aiki ya tanadi matakin da za a ɗauka idan an ga tsaga mai girma kaza, amma bai ba shirun na'ura irin wannan nauyi ba. Ɓacewar amsa tana nufin ba a san abin da ke cikin ƙarfen ba, a layin da jirage ke gudun kilomita 185 a awa. Ya kamata a ce wannan kaɗai ya isa a rage gudu a ranar.

An sani, ba a yi ba

Bayan sayar da harkar jiragen ƙasa ta Birtaniya ga 'yan kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, kamfanin Railtrack ne ya mallaki layukan, Balfour Beatty ke da kwangilar kula da wannan yanki, sauya dogo kuma aikin wani ɗan kwangila ne dabam. An san dogon kwanar ya lalace tun kafin shekarar 2000, har an yanke shawarar sauya shi, an tanadi sabo. Kai shi wurin ya yi ta samun cikas, lokacin da aka ware na rufe layi domin aikin ya wuce, aka ɗage zuwa ƙarshen shekara. A duk tsawon wannan jira ba a sa dokar rage gudu ba. Yana da kyau a tuna cewa a tsarin wancan lokaci Railtrack yana biyan kamfanonin jirage diyya kan mintunan jinkirin da layinsa ya jawo.

Abin da ya biyo bayan hatsarin ya nuna girman rashin sanin. Railtrack bai iya faɗin wurare nawa ne ke da irin wannan tsaga ba, balle zurfinsu, sai ya sa dokar rage gudu a wurare sama da dubu, da yawa zuwa mil 20 (kimanin kilomita 32) a awa. Zirga-zirgar jiragen ƙasar ta rikice wata da watanni. A Oktoba 2001 gwamnati ta sa aka karɓe ragamar kamfanin, a 2002 Network Rail ya gaje shi, a 2003 kuma ya sanar da cewa zai dawo da aikin kula da layuka hannunsa daga 'yan kwangila. A shari'ar 2005 alƙali ya yi watsi da tuhumar kisa ta hanyar sakaci, amma aka ci Balfour Beatty tarar fam miliyan 10, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa miliyan 7.5, aka ci Network Rail miliyan 3.5 kan laifin Railtrack.

Inda hasken lesa ya shigo

Matsalar Hatfield ta tura masu bincike neman hanyar da za ta auna zurfin tsagar da ke fuskar ƙarfe, ba tare da dogaro da ruwa ko zaman bakin na'ura ba. Ɗaya daga hanyoyin da aka fi zurfafa bincike a kai ita ce haɗa sauti da hasken lesa, wato siririn haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa a miƙe.

Tun 1963 Richard White a Amurka ya nuna cewa ɗumama fuskar abu farat ɗaya yana haifar da igiyar sauti a cikinsa. Ana harba walƙiyar lesa mai tsawon kashi 10 cikin biliyan na daƙiƙa kan ɗan ɗigo a fuskar ƙarfe. Ɗigon ya yi zafi ya kumbura nan take, ƙarfen da ke kewaye da shi yana sanyi ya ƙi ba shi wuri, wannan turereniya ta bazu a matsayin sauti. Idan an daidaita ƙarfin hasken, ko tabo ba ya bari. Sauraro ma da haske ake yi. Lesa ta biyu tana haska wani wuri, ana kama hasken da ya dawo a gwada shi da wanda bai je ko'ina ba. Idan sauti ya wuce ta wurin, fuskar ƙarfen takan motsa da abin da bai wuce 'yan kashi cikin miliyan na milimita ba, kuma wannan ya isa ya canza yadda hasken biyu ke haɗuwa. Babu abin da ya taɓa ƙarfen, babu ruwa. Shi ya sa masana'antu ke auna kaurin bututun ƙarfe da wannan hanya tun yana ja zur daga wuta, kamfanin Lockheed Martin kuma ya yi amfani da ita wajen duba sassan jiragen yaƙi.

Ga dogo, amfaninta mafi girma yana cikin irin igiyar da take tayarwa. Lesa tana haifar da igiyar da ke bin fuska, wadda masanin kimiyyar Birtaniya Lord Rayleigh ya yi bayaninta a 1885. Wannan igiya tana gudun kimanin mita 3,000 a daƙiƙa a ƙarfe, kuma zurfin da take kaiwa ya kusan daidai da tsawonta. Mai kaɗawa miliyan 1 a daƙiƙa tana da tsawon milimita 3, don haka a milimita ukun sama take tafiya. Mai kaɗawa 200,000 tana kaiwa milimita 15. Walƙiya ɗaya ta lesa tana fitar da su duka a tare, gajeru da dogaye. Idan suka iso ga tsaga, gajerun su dake ta su koma, dogayen su bi ta ƙarƙashinta su wuce. Mai sauraro a ɗaya gefen ya duba waɗanne suka iso, waɗanne suka ɓata, daga nan ya ƙiyasta zurfin. Wannan ita ce ainihin tambayar da Railtrack ya kasa amsawa a ƙarshen 2000. Kuma tun da igiyar daga gefe take zuwa tana bin fuska, rufin da ya tare sautin da ke saukowa daga sama ba ya makantar da ita haka.

Akwai dabara ta biyu da ƙungiyar Jan Achenbach a jami'ar Northwestern ta Amurka ta fitar a wajen shekarar 2000: a riƙa matsar da ɗigon lesa a hankali a kan fuska. Idan ya zo daidai bakin tsaga, sautin da yake haifarwa yakan ƙaru sosai ya canza kama, har a gano tsagar da ta yi ƙanƙanta da yawa ga hanyar amsa-kuwwa. A jami'ar Warwick ta Ingila, Steve Dixon da Rachel Edwards da abokan aikinsu sun yi shekaru suna nazarin yadda igiyar fuska ke yi idan ta haɗu da tsaga mai karkata, irin ta dogo, kuma sun nuna cewa karkatar tana canza sakamako ƙwarai. Wanda ya daidaita na'urarsa da yankan zarto tsaye a ɗakin gwaji zai yi kuskuren zurfi idan ya je kan dogo na gaske.

Sai matsalar tsagar da ta rufe bakinta. Tsagar gajiya a farkonta a matse take, ɓangarorinta biyu suna manne, sauti yana ratsa ta kamar ba ta nan. A dogon da aka yi wa walda ya zama doguwar sanda ɗaya, zafin rana yana ƙara matse ta, sanyi yana buɗe ta, abin da ya sa karaya ta fi yawa a hunturu. Hanyar kama irin wannan ita ce a aika sauti iri biyu a tare, misali mai kaɗawa 100,000 da mai 10,000. Lafiyayyen ƙarfe zai mayar da waɗannan biyun kawai. Idan akwai tsaga, mai ƙarancin kaɗawar yana buɗe ta yana rufewa, ɗayan kuma yana wucewa da kyau idan ta rufe, ya ragu idan ta buɗe, sai wasu sababbin sautuka su bayyana a 90,000 da 110,000. Hoon Sohn da ƙungiyarsa a cibiyar KAIST ta Koriya ta Kudu sun yi aiki mai yawa kan yin wannan gwaji da lesa. Wannan ita ce dabarar da na fi ganin alheri a cikinta, domin tana kama tsaga tun gurza na iya share ta.

Duk da haka ban yarda a ɗauki lesa a matsayin maganin da ya riga ya iso ba. Lesar sauraro tana son fuska mai tsabta da ke mayar da haske daidai, dogo kuwa yana da maiƙo da tsatsa da ƙura, wani wuri yana ƙyalli wani ya dushe. Girgizar tarago ta ninka motsin da ake son aunawa sau dubbai. Ga lissafin gudu: jirgin gwaji mai kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa, lesar da ke harbawa sau 100 a daƙiƙa za ta auna wuri ɗaya ne a kowace santimita 28, alhali tsagun 'yan milimita ne tsakaninsu. Idan sun yi cincirindo, ta farko da ta biyu sukan cinye gajerun igiyoyi, a rasa gane wacce ce mai zurfi a cikinsu. Ƙara da tsada, da haɗarin hasken ga idon ma'aikata a fili.

Saboda haka abin da ya rage karyewar dogo a Birtaniya daga sama da 900 a shekara zuwa ƙasa da 200 a shekarun 2010 ya zo ne ta hanyoyin da suka fi lesa tsufa: jiragen gwajin sauti masu ɗauke da bakuna da yawa a cikin taya mai cike da ruwa, suna bin layi akai-akai, na'urorin da ke gano tsagar fuska da maganaɗisu, gurza a kan kari, da sauya dubban kilomita na dogo. A kwanar Hatfield kanta, lokacin da lesa za ta yi amfani shi ne shekarun farko bayan shimfiɗa dogon, sa'ad da tsagun ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba kuma injin gurza zai iya cire su. A shekarar 2000 fuskar dogon ta riga ta ɓaɓɓalle yadda ido ma ke gani, sabon dogo yana jiran ranar aiki, jirage kuma suna wucewa da cikakken gudunsu har zuwa 17 ga Oktoba.